Tarihin Sharaɗin Niyya a Sakramentin Katolika

Ɗalibin makarantar zaure a Gwandu ko Kalgo ya san niyya na cikin farillan alwala tun daga Ahlari. Katolikan yankin, waɗanda ke ƙarƙashin Dayosis ɗin Sakkwato, su ma suna da sharaɗin niyya, amma a wuyan mai gabatar da ibadar yake: baftisma da sauran sakramenti ba su inganta sai ya nufi aikata abin da Ikilisiya take aikatawa.

An sha bamban kan mafarin hukuncin. Wasu na jingina shi ga Waliyyi Agustin da rigimarsa da mabiya Donatus a Arewacin Afirka, alhali abin da aka warware a can shi ne zunubin fada ba ya ɓata sakramenti. Abin dogaro shi ne takardar Paparoma Martin na Biyar ta 1418, sai Majalisar Florence a 1439, wadda ta ƙidaya sharuɗɗa uku: kayan ibada, lafazi, da mai gabatarwa mai niyya.

A watan Maris na 1547 Majalisar Trent ta tabbatar da hukuncin, don mayar da martani ga Martin Luther, wanda ya ce ko da wasa fada ya furta gafara, bangaskiyar mai karɓa ta isa. Sai dai majalisar ba ta faɗi wace irin niyya ba. Ambrosius Catharinus, wanda ya halarci zaman, ɗan ƙungiyar Dominikan ne, wadda 'ya'yanta daga Amurka aka danƙa wa yankin Sakkwato a 1953. Ra'ayinsa shi ne idan fada ya yi ibadar a zahiri cikin natsuwa, ta inganta, komai ke cikin zuciyarsa. Damuwarsa mai ƙarfi ce, domin in ba haka ba, uwa ta yaya za ta tabbata an yi wa ɗanta baftisma? Malamai da yawa suka ƙi, suka ce mutum ba ya zama wakilin Ikilisiya alhali zuciyarsa ta ƙi wakilcin. A 1690 Paparoma Alexander na Takwas ya soke maganar cewa baftisma ta inganta ko mai yi ya ƙudurta a ransa bai nufi abin da Ikilisiya take yi ba. Bai ambaci Catharinus ba, amma ra'ayinsa ya yi rauni tun daga nan.

A 1896 Paparoma Leo na Sha Uku ya bayyana cewa Ikilisiya tana auna niyya da abin da ya fito fili, ya kuma ƙi amincewa da naɗin limaman Anglikan saboda naƙasar lafazi da niyya. Haka kuma a 2001 Vatican ta ƙi amincewa da baftismar ɗarikar Mormon.