Daga Shahuci zuwa Barewa: Zumuncin 'Yan Makaranta da Ya Yi Wa Kano Shugabanni

A jami'o'in Amurka akwai ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai tun shekarar 1776, inda saurayi kan shiga da rantsuwa, ya fita da abokan da za su riƙa jan hannunsa har tsufa. Birnin Kano bai san rantsuwa irin wannan ba. Abin da ya sani shi ne ɗakin kwana guda, kwanon tuwo guda, da kalmar "ɗan ajinmu", wadda har gobe takan buɗe ƙofar da takarda ba ta buɗe ba.

Boko ya shigo Kano ne ta Nasarawa a 1909, lokacin da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a wajen ganuwa. Daga baya aka sami elemantare ta Shahuci a cikin birni, sannan a 1927 aka kafa Midil ta Kano, wadda yau ake kira Kwalejin Rumfa. Yaron da ya yi zarra a Midil sai a tura shi Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. Ita ce ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, aka raɗa mata suna Barewa a 1971.

Turawa ba shugabannin siyasa suka yi niyyar reno ba. Malaman makaranta suke so, da akawu da ma'aikatan En'e. Amma sun tara yara 'yan kaɗan daga kowane lardi, sun raba su da iyayensu shekara da shekaru, sun sa manya su kula da ƙanana, sun haɗa su a aji da filin wasa. Bakano ya san Basakkwace, ɗan Bauchi ya san Babarbare, kowa ya san halin kowa tun ba a yi gemu ba. Ahmadu Bello ya gama Katsina a 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1933, kuma da aka zo kafa gwamnatin Jihar Arewa ba a sha wahalar neman mutane ba, domin yawancinsu sun riga sun ci abinci a kwano ɗaya.

Labarin mutum biyu daga cikin ganuwa ya fi komai nuna yadda abin yake. An haifi Malam Aminu Kano a unguwar Sudawa a 1920. Ya bi Shahuci, ya bi Midil, ya gama Kwalejin Kaduna a 1942, aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi, inda ya tarar da Tafawa Ɓalewa, ya kuma ƙulla abota da Sa'adu Zungur. Yusuf Maitama Sule, wanda aka haifa a 1929, ya taka sawunsa ɗaya bayan ɗaya: Shahuci, Midil, Kaduna, sannan ya dawo Midil yana koyarwa. Yana cikin matasan da suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, jam'iyyar da Malam Aminu ya zo ya jagoranta. Ba a daɗe ba hanya ta rabu. Maitama ya koma NPC, kuma a zaɓen Majalisar Wakilai na 1954 shi ya kayar da yayansa na makaranta. A 1959 ya zama ministan ma'adinai da lantarki a gwamnatin Tafawa Ɓalewa, Malam Aminu kuwa yana zaune a majalisar a ƙarƙashin NEPU.

A ganina darajar wannan zumunci a nan take. Bai hana saɓani ba, kuma kada a manta talakawan NEPU sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e a waɗannan shekaru. Amma ya bar wa manya hanyar magana da juna. Shi ya sa a lokacin yaƙin basasa Janar Yakubu Gowon, tsohon ɗalibin Zariya, ya iya jawo Malam Aminu cikin majalisarsa a 1967, daga baya Shehu Shagari, shi ma ɗan Kwalejin Kaduna, ya riƙe masa ma'aikatar kuɗi. Gabanin zaɓen 1979 Maitama ya nemi tikitin NPN, Shagari ya samu, Malam Aminu ya kara da shi a PRP. Bayan an ci zaɓe Shagari ya aika da Maitama ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata.

Ba kullum zumuncin ke riƙe hannu ba. Murtala Muhammad, ɗan unguwar Kurawa, ya bi Gowon a baya a Zariya, amma shi ya karɓi mulki da aka hamɓarar da Gowon ranar 29 ga Yuli, 1975. Duk da haka a duba lissafin: Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk kwaleji ɗaya ta yaye su. Ita ma Rumfa tana alfahari da Sarki Ado Bayero, wanda ya hau karaga a 1963 ya riƙe ta har 2014, da Janar Sani Abacha.

Sai dai ƙofar ƙarama ce ƙwarai. 'Yan mata ba su cikin wannan layi ko kaɗan. Yawancin yaran da suka shiga, hakimi ne ko wani babba a fada ya zaɓo su, a zamanin da iyaye da yawa ke ɓoye 'ya'yansu don gudun boko. Almajiran zaurukan Madabo da sauran unguwannin malamai suna da nasu zumuncin, mai ƙarfi kuma daɗaɗɗe, amma da mulki ya koma hannun masu takardar boko sai aka bar su a bakin ƙofa. Wanda bai sami "ɗan ajinmu" a ofis ba ya san nauyin rashinsa, kuma wannan gibi bai cike ba har yanzu.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, BOBA ta Barewa da RUMFOBA ta Rumfa, su suka gaji wannan tarihi. Ana haɗuwa, ana tuna malamai, ana kai gudummawa ga iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A 2027 Rumfa za ta cika shekara 100. Kiran da nake yi ga dattawan da ta yaye shi ne su tattara tarihinta daga bakin waɗanda suka rage tun suna raye, su kuma ɗauki nauyin karatun yaran Kurawa, Sudawa da Yakasai, maza da mata, waɗanda ba su da kowa a ofis.