Kalmomin Ingilishi da ke jikin kwalin magani da ma'anarsu

Magunguna da dama da ake sayarwa a kasuwannin Bambeye da birnin Tahoua daga Najeriya suke shigowa, ta hanyar Illela da Birnin Ƙonni. Bayanin da ke jikin kwalinsu da Ingilishi yake, alhali masu karatu a yankin Adar sun fi sabawa da Faransanci. A Hausa duka sunansu magani, amma Ingilishi ya raba su gida uku bisa aikin da kowane ke yi.

Na farko shi ne *cure* ko *curative*, wato mai kawar da cutar daga tushe. Na biyu *relief*, mai lafar da ciwo na ɗan lokaci, cutar kuwa tana nan. Na uku *preventive*, wato rigakafi, irin maganin da ake bai wa yara masu wata 3 zuwa 59 da damina don kare su daga zazzaɓin cizon sauro.

Kalmar da ta fara da *anti* tana nufin mai yaƙi da abin da ya biyo bayanta:

*Antimalarial*: maganin zazzaɓin cizon sauro, kamar Coartem, wanda ake sha sau 6 cikin kwana 3.

*Antibiotic*: mai kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, kamar amoxicillin. Ba ya maganin mura, kuma shan sa barkatai na sa ƙwayoyin cutar su daina jin sa.

*Antipyretic*: mai saukar da zafin jiki.

*Antiseptic*: na wanke rauni, ba a sha.

Akwai kuma *analgesic*, mai rage raɗaɗi, wanda Faransanci ke kira *antalgique*.

Inda aka fi ruɗewa shi ne kan farasitamol. Yana saukar da zafin jiki, yana rage ciwon kai, amma ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Yaro zai iya samun sauƙi da dare, cutar na ci gaba da cin jininsa. Don haka mai zazzaɓi gwajin jini yake buƙata a likita.

Kalmomin *herbal*, *tonic* da *supplement* kuwa ba alkawarin warkarwa ba ne: na farko na nufin daga tsirrai aka haɗa shi, sauran biyun na ƙarin kuzari ne ko gina jiki. Kafin a saya, a duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya da aka kafa a 1993, da kuma *Exp.*, wato ranar da wa'adin maganin ke ƙarewa.