Makokin Irmiya da Yunwar Kakalaba

A 1930 layin dogo ya isa Nguru daga Kano, ya ratsa ta Gagarawa Tasha, inda gyaɗar ƙasar Gumel ta riƙa hawa jirgi. Da yawa daga manoman da ke kawo ta sun ga Kakalaba, yunwar 1914, sun kuma ga ta 1927. Shekara biyu bayan zuwan jirgin aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller ya daɗe a kansa. A cikinsa akwai wani ɗan littafi mai babi biyar da waɗannan manoma za su gane ba sai an yi musu sharhi ba, ko da yake ba addininsu ba ne.

Makoki ake kiransa. Kuka ne a kan Urushalima bayan Nebukadnezzar ya rushe ta wajen 586 kafin haihuwar Annabi Isa. Rubutun Ibrananci bai ambaci marubuci ba, fassarar Girkanci ce ta jingina shi ga Irmiya. Yunwa ta cika shi: yara na suma a titi, masu hali na ba da dukiyarsu don loma, iyaye mata har sun dafa 'ya'yansu.

Masu sharhi na dā sun ce kukan tuba ne, jama'a ta yi laifi ta sha horo. Na baya sun lura cewa babi na biyu ya kwatanta Ubangiji da abokin gaba, kuma har littafin ya ƙare bai amsa ba. A ganinsu ƙara ce aka shigar, mai kukan yana neman a duba abin da aka yi masa.

Kalmar ta ɗan ruɗe mu, don a wurinmu zaman makoki wurin haƙuri ne, mai kururuwa kwaɓarsa ake yi. Haka muka yi da Kakalaba: muka ce ƙaddara, muka raɗa mata suna, tsofaffi suka riƙa lissafin shekarunsu da ita. Fari daga Allah ne, ba musu. Amma a shekarar da mutanen Damagaram ke kwararowa kudu suna faɗuwa a hanya, Turawa ba su daina karɓar haraji ba, jirgi kuma bai daina kwasar gyaɗa daga Kano zuwa Ikko ba. Wannan ɓangaren kam yana da wanda za a kai ƙara, haƙurinmu ne ya rufe shi.