Rikicin Najeriya da kamfanin Meta: me ya faru, kuma me jama'a ke cewa?

Tun da aka fara jin cewa wai za a rufe Facebook da WhatsApp a Najeriya, masu saurare daga Kance, Matameye da ƙauyukan bakin iyaka suke ta aiko mana tambaya, haka ma ƴan uwa da ke ci-rani a Kano, Agadas da Aljeriya. Shi ya sa muka tattara bayanin wuri guda.

Meta kamfani ne na Amurka, shi ke da Facebook. Ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014. Ke nan duk wanda ya aika sakon murya zuwa Daura ko ya kalli bidiyo a Facebook, gida ɗaya ya shiga ta ƙofa biyu.

Asalin rigimar shi ne sabbin sharuɗɗan da WhatsApp ya fitar a farkon 2021. Da yawa za su tuna saƙon da ya riƙa fitowa a salula: ko ka danna ka yarda, ko ka daina amfani. Cikin abin da aka yarda da shi har da raba wasu bayanai da sauran sassan kamfanin, kamar lambar waya da irin salular da mutum ke riƙe da ita. Maganar da ke cikin saƙo kanta a kulle take, kamfanin ya ce ba ya karantawa. Amma hukumar FCCPC, wadda ke kula da gasa tsakanin kamfanoni da kare haƙƙin masu saye a Najeriya, ta ce wannan tilas ce. Bayan binciken watanni 38, ran 19 ga Yuli 2024 ta ci Meta tarar miliyan 220 na dalar Amurka. A lura, ba dalarmu ta kasuwa ba. Idan an juya, kuɗin sun haura miliyar 120 na sefa.

Laifin da hukumar ta ɗora wa kamfanin shi ne ya yi amfani da mamaye kasuwa da ya yi ya ƙaƙaba wa mutane sharuɗɗa, ya raba bayanansu ba da cikakken izini ba, kuma bai ba ƴan Najeriya zaɓin da ya ba mutanen wasu ƙasashe ba. Girman kamfani shi kaɗai ba laifi ba ne a irin wannan doka. Misali, in ɗan kasuwa guda ne ke sayen rake a duk yankin Matameye, babu wanda zai kai shi ƙara don ya yi ƙarfi. Amma ranar da ya ce ba zai sayi rakenka ba sai ka sayar masa da gerona a kan kuɗin da ya ga dama, ya san ba ka da wani wurin zuwa, to nan hukuma ke shigowa.

Meta ta ce ba ta yarda ba, ta ɗaukaka ƙara. Ran 25 ga Afrilu 2025 kotun musamman ta gasa da haƙƙin masu saye ta tabbatar da tarar. Akwai kuma wasu tarori biyu: hukumar kare bayanai ta NDPC ta sa miliyan 32.8 na dalar Amurka, ta kula da tallace-tallace kuma naira miliyar 60. A watan Mayu 2025 aka ji cewa Meta ta rubuta wa kotu za ta iya rufe Facebook da Instagram a ƙasar. WhatsApp ba ya cikin wannan takarda, ko da yake tun a Agusta 2024 an yi raɗe-raɗin ficewarsa. FCCPC ta mayar da martani cewa dabara ce ta tunzura jama'a don a matsa mata lamba, kuma barin ƙasa ba ya yafe tara.

To, jama'ar fa? Kawuna sun rabu. Masu goyon bayan hukumar suna cewa ai ba Najeriya ta fara ba. Ƙasar Ailan ta ci WhatsApp tarar Yuro miliyan 225 a 2021, Indiya ma ta hukunta Meta a Nuwamba 2024 kan waɗannan sharuɗɗa dai na 2021, kuma ba a ga kamfanin ya tattara kayansa ya bar su ba. Don me sai an zo Afirka ake maganar tafiya?

Masu tsoro kuwa su ne suka fi ɗaga murya, kuma ina ganin suna da hujja. Matar da ke sayar da atamfa ko turaren wuta daga cikin gida, shagonta shi ne WhatsApp da Instagram. Ɗan kasuwar Kwari da ke turo wa abokin cinikinsa na nan hoton kaya kafin mota ta taso ta bi ta Kongolam da Ɗan Barto, haka. Tsohuwar da ba ta yi boko ba amma tana jin muryar ɗanta kowace Juma'a, ita ba ruwanta da wata doka, muryar take so. Waɗannan ba su manta da dakatar da Twitter da gwamnatin Buhari ta yi ba, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, wata bakwai cur. Twitter bai taɓa shiga ƙauye kamar WhatsApp ba, amma an ga yadda masu sana'a a kansa suka sha wuya.

Sai kashi na uku, waɗanda ba su amince da kowa ba. Sun yarda kamfanin na cin moriyar bayanan mutane, amma suna tambaya: in an biya tarar, wa zai ga ko sisi? Wasunsu na zargin kuɗin shiga kawai gwamnati ke nema.

Abin da na lura shi ne, wannan tsoro na jama'a shi ne ainihin abin da hukumar ke magana a kai. Da a ce akwai wata manhaja da kowa ke kanta, daga Kance har Tamanrasset, da barazanar ba ta girgiza kowa ba. Telegram da Signal suna nan, amma ba ka komawa inda danginka ba su.

A Oktoba 2025 Meta da NDPC sun amince su sasanta tasu shari'ar a wajen kotu, kuma ba a rufe Facebook ko Instagram ba. Ga mu nan Nijar, hukuncin FCCPC na masu amfani ne na Najeriya, bai hau kan mai lambar +227 ba. Kare bayanan mutane a ƙasarmu aikin hukumar HAPDP ne a Yamai, manyan ƙararrakin gasa tsakanin kamfanoni kuma suna zuwa hukumar UEMOA a Wagadugu. Sai dai duk ranar da aka taɓa waɗannan shafuka a Kano ko Katsina, za mu ji a jikinmu kafin mu ji a labarai, balle waɗanda suka buɗe WhatsApp ɗinsu da layin Najeriya, kuma suna da yawa a nan bakin iyaka.