Tarihin Asusun Taimakon Ɗalibai

Godiya ga Ubangiji wanda ya kawo mu wannan buki na cika shekara 50. Cikin ayyukan ikkilisiyar nan akwai wanda ba a cika ambata ba, wato asusun ɗalibai.

Zumuntar ɗalibai masu bi, wadda aka sani da FCS, ta soma a Gindiri a 1957. Malamai da 'yan hidimar ƙasa ne suka kawo mana ita ƙasar Gobir, musamman bayan shirin UPE na 1976. Yaranmu na sakandare a Isa da Sabon Birni ba su da yawa. Sukan taru bayan an tashi, Littafi Mai Tsarki guda ana karɓa-karɓa.

Da tsarin SAP ya zo a 1986, kuɗin jarrabawa ya gagari iyaye da dama. Sai tsofaffin 'yan zumuntar da suka sami aiki a Sakkwato da Kaduna suka fara aiko da gudummawa. Dattawa sun yi gardama ƙwarai. Waɗansu sun so a sa kuɗin a rufin majami'a, gama ruwa yana zuba a kanmu kowace damina. Masu bayarwa suka ce a'a, na littattafai ne da jarrabawa kaɗai, a kuma karanta lissafi gaban jama'a kowace shekara. Mu da muka goyi bayan rufi, yau mun yarda su ne da gaskiya.

Daga 2019 'yan bindiga sun watsa iyalai da yawa, waɗansu har Maraɗi. Asusun ya bi yaran duk inda suka sami makaranta, sunayensu kuwa suna hannun ma'aji.