Dokar karatun dole a Kodebuwa: abin da ta ɗora wa iyaye da zaɓin da ta bar musu

Tashar motar Adjamé na daga cikin ƙofofin da baƙi daga Nijar, Najeriya da Gana ke fara shiga birnin Abijan. Kewaye da ita, da kuma can Treichville a ƙetaren ruwa, Hausawa sun daɗe suna kasuwancin albasa, yadi, tsire da garba, wato atceke da soyayyen kifi. A cikin tashar akwai yara masu tura baro, masu ɗaukar kaya a ka, da yaran motocin gbaka masu kiran fasinjan Abobo da Yopougon. Da yawansu shekarunsu na cikin zangon da dokar ƙasar ta ce wajibi ne yaro ya kasance a makaranta. Dokar ta raba abu biyu: sa yaro a makaranta ba zaɓi ba ne, amma irin makarantar da za a sa shi tana hannun iyaye, muddin hukuma ta san da ita.

Abin da dokar ta tanada

Tushen maganar shi ne doka mai lamba 2015-635 ta ranar 17 ga Satumba 2015, wadda ta gyara dokar ilimi ta 7 ga Satumba 1995. An zartar da ita zamanin shugaba Alassane Ouattara, lokacin Kandia Camara na ministar ilimi. Ta wajabta karatu ga dukkan yara, maza da mata, daga shekara 6 zuwa 16. Maganar “dukkan yara” ta haɗa da ƴaƴan baƙin da ke zaune a ƙasar, ko da iyayensu takardun Nijar ko na Najeriya suke riƙe da su.

Uba ko uwar da suka ƙi sa ɗansu a makaranta na iya fuskantar ɗaurin wata 2 zuwa 6, da tarar jika 50 zuwa jika 500 na kuɗin Sefa, ko ɗaya daga cikin hukuncin biyu. Ita ma gwamnati dokar ta ɗora mata nauyi. Wajibi ne ta samar da hanyar mayar da yaran da suka wuce shekarun shiga aji ɗaya: azuzuwan cike giɓi da ake kira classes passerelles ga ƴan shekara 9 zuwa 13, da koyon sana'a ga ƴan 14 zuwa 16.

Kundin tsarin mulki na Nuwamba 2016 ya ƙarfafa wannan a sashe na 10, inda ya tabbatar da wajabcin makaranta, ya kuma amince masu zaman kansu da al'ummomin addini su sa hannu wajen ilmantar da yara bisa sharuɗɗan doka. Dokar ƙwadago ta 2015 kuwa ta hana ɗaukar yaro aiki kafin shekara 16, ko koyon sana'a kafin 14. Ke nan yaron mota ɗan shekara 12 a Adjamé ya saɓa wa dokoki biyu, kuma alhakin yana kan manya.

Makarantun da ke gaban iyaye

Firamare aji shida ne, daga CP1 zuwa CM2, ana kammalawa da jarrabawar CEPE. Daga nan sai shekara huɗu na koleji da jarrabawar BEPC, sannan shekara uku zuwa BAC. Ana iya bin wannan hanya a makarantar gwamnati, ko ta kuɗi wadda ba ta addini ba, ko ta addini. Katolika da Methodist sun daɗe da nasu makarantun, Musulmi ma suna da nasu.

A nan ne baƙi ƴan Nijar kan ruɗe. A Nijar gwamnati da kanta tana da makarantun Faransanci da Larabci, tun daga madarasar Say da aka buɗe a 1957. A Kodebuwa ba haka ba ne: makarantun Islamiyya na masu zaman kansu ne, kuma hukumomi sun kasa su gida huɗu. Akwai makarantar allo ta gargajiya. Akwai madarasa mai karantarwa da Larabci. Akwai franco-arabe mai haɗa harsunan biyu. Sai kuma école confessionnelle islamique, wadda ke koyar da manhajar gwamnati cikakkiya tare da Alƙur'ani da darussan addini. Ta ƙarshen ce ke da cikakken matsayi a tsarin ƙasa. Yaron da allo kaɗai yake karantawa, komai nisan haddarsa, ma'aikatar ilimi tana lissafa shi cikin waɗanda ke wajen tsarin makaranta.

Tun farkon shekarun 2010 ma'aikatar take tantance makarantun Islamiyya tana amincewa da waɗanda suka cika sharaɗi. A 2019 aka tsara wani shiri na ƙasa mai suna SNIESIE, da tallafin UNICEF, domin shigar da ɗaliban waɗannan makarantu cikin tsarin hukuma ba tare da an raba su da karatun addini ba. Don haka kafin uba ya biya kuɗi, yana da kyau ya nemi ganin takardar izinin makarantar, ko ya tambaya a ofishin sufeton firamare na unguwarsa, wato IEPP. Allon sunan da ke ƙofar makaranta ba shaida ba ne. Wasu iyalai kuma suna haɗa biyun: boko da rana, allo da asuba ko bayan Magariba da ranakun hutu. Dokar ba ta hana wannan ba.

Zaɓin koleji da kuɗin da ke biye

Zaɓi mafi nauyi yana zuwa bayan CEPE. Kolejojin gwamnati ba su isa ba, musamman a Abijan, saboda haka gwamnati na tura ɗalibai da yawa makarantun kuɗi tana biya musu: jika 120 a shekara ga ɗalibin koleji, jika 140 ga na lise. A ƴan shekarun nan an koma tsarin affectation en ligne, inda iyaye ke zaɓar makaranta da kansu ta waya ko intanet, gwargwadon guraben da suka rage. Wanda ya yi jinkiri sai ya tarar makarantun kusa sun cika, yaro ya koma shiga mota biyu kowace safiya. Ƴan kasuwar da ke tafiya gida ganin dangi a lokacin babban hutu su ne wannan ya fi shafa, sai idan sun wakilta wani amintacce.

Biyan da gwamnati ke yi ba ya nufin karatu kyauta ne. Makarantun kuɗi kan nemi ƙarin da ake kira frais annexes, abin da ƙungiyoyin iyaye suka sha kuka a kai. Masu makarantun su ma suna kokawa da jinkirin biyan kuɗin daga baitulmali. A makarantun gwamnati kuwa, an soke kuɗin da kwamitocin COGES ke karɓa daga iyaye, bayan sanarwar shugaban ƙasa a Disamba 2020. Iyaye na da damar shiga waɗannan kwamitoci, inda ake tattauna tafiyar makaranta.

Takardar haihuwa

Duk zaɓin da aka ambata yana rataye ne a kan takarda ɗaya. Dokar rajistar jama'a ta 19 ga Nuwamba 2018 ta ba da wata 3 a bayyana haihuwa a ofishin magajin gari. Idan wa'adin ya wuce, sai an bi ta kotu a samo jugement supplétif. Ana iya karɓar yaro a CP1 ba tare da takardar ba, amma matsalar tana jiran sa a CM2, lokacin haɗa takardun jarrabawa. Haihuwa a Abijan ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa, domin tun 1972 ta jinin iyaye ake samun zama ɗan Kodebuwa. Sai dai rajistar haihuwa haƙƙin kowane jariri ne da aka haifa a ƙasar, ko iyayensa daga ina suke. Yaron da aka haifa a Maradi ko Kano kuwa, daga can ake zuwa da takardarsa, tare da sakamakon azuzuwan da ya riga ya yi.

Ga wanda ya fito daga Najeriya, inda dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9, akwai ƙarin abin lura: a Abijan da Faransanci ake komai, don haka yaron da ya fara da Turanci kan koma aji na ƙasa. Ana komawa makaranta a watan Satumba, rajistar koleji kuma ta intanet ake yin ta, a biya ta kuɗin waya. Iyalin da ya sauka a Adjamé da yara ƴan shekara 6 zuwa 16 yana bukatar abu uku kafin lokacin: takardar haihuwa, makarantar da hukuma ta amince da ita, da wanda zai tsaya wa yaron idan uba ya yi tafiya.