Man rake a Barazil: yadda gwamnati da kamfanoni suka gina kasuwar etanol

Etanol mai ne da ake samu daga ruwan rake ko masara bayan an tsima shi an tace. Ana zuba shi a mota shi kaɗai ko a gauraya shi da man fetur. Ana lissafa shi cikin makamashin da ake sabuntawa, domin kowace shekara ana sake noma amfanin da ake yin sa da shi. Amurka ce ta ɗaya a duniya wajen samar da shi, akasari daga masara, sai Barazil ta biyu, akasari daga rake.

Mafarin shirin

Lokacin da farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, Barazil tana shigo da mafi yawan man da take sha daga waje. Domin rage wannan dogaro, gwamnatin shugaba Ernesto Geisel ta ƙaddamar da shirin Proálcool a watan Nuwamba na 1975. Masu rake da masana'antun sukari sun samu bashi mai rangwamen ruwa don kafa wuraren tace etanol, kamfanin mai na ƙasa Petrobras ya shiga sayen man da rarraba shi, gwamnati kuma ta riƙe farashinsa ƙasa da na fetur. A 1979 kamfanin Fiat ya fito da ƙirar 147 mai aiki da etanol zalla, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1980 galibin sababbin motocin ƙasar irin wannan ne.

Koma-baya da farfaɗowa

Farashin ɗanyen mai ya faɗi a 1986, tallafin ya yi wa baitulmali nauyi. Da sukari ya yi tsada a kasuwar duniya, masana'antu suka karkata gare shi, har etanol ya yanke a gidajen mai a 1989. Direbobi suka yanke ƙauna, cinikin irin waɗannan motoci ya durƙushe.

Kasuwar ta dawo a 2003, sa'ad da Volkswagen ya fito da motar Gol mai iya shan fetur, etanol, ko cakudarsu. Yanzu mai mota kan duba farashi kafin ya zaɓa: tun da etanol bai kai fetur nisan tafiya a lita ɗaya ba, an saba sayensa idan kuɗinsa bai wuce kashi 70 cikin 100 na fetur ba.

Dokokin da ke riƙe da kasuwar

Doka ta wajabta gauraya etanol cikin fetur ɗin da ake sayarwa. Adadin ya kai kashi 27 cikin 100 a 2015, sannan kashi 30 daga watan Agusta na 2025. A ɓangaren gazuwal, gwamnatin Lula da Silva ta kafa shirin biyodizal a ƙarshen 2004. Yawancinsa daga man waken soya ake yi, kuma kamfanonin da ke sayen amfanin ƙananan manoma na samun sassauci. Dokar RenovaBio ta 2017 ta ɗora wa masu rarraba mai sayen takardun shaidar rage hayaƙi daga masu samar da man tsirrai, kowace takarda a madadin tan ɗaya na iskar kabon.

Riba da ƙorafi

Bayan rage shigo da mai, masana'antu na ƙona ɓawon rake su samar da wutar lantarki. Masu suka kuwa na nuni da faɗaɗar gonaki, gasar fili da abinci, da wahalar masu yankan rake. Jihar São Paulo ta yi doka ta daina ƙona gonaki kafin girbi sannu a hankali, injina suka maye gurbin leburori da yawa.

A Afirka ta Yamma

Najeriya ta fitar da manufar man tsirrai a 2007, Mali kuma ta kafa hukumar ANADEB a 2009, tana mai da hankali kan man bini-da-zugu. Tarihin Barazil ya nuna cewa rance da tallafi kaɗai ba sa riƙe irin wannan kasuwa: sai da dokar gauraya mai ɗorewa, wadatar amfanin gona, da injinan da suka dace da man.